Kira Ga Masu Tsofaffin Motoci: Kada Neman Sauƙin Mai Ya Kashe Mana Injuna

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu domin in tofa albarkacin bakina a kan wani al'amari da ya shigo mana nan kudancin Kano, wato ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa. Ni manomi ne, kuma ina taɓa 'yar kasuwanci ta hatsi da kayan miya. Ba ni da mota tawa ta kaina, sai babur da injin ban ruwa, amma rabin rayuwata a bayan akori-kura da J5 nake yin ta, a kan buhuna. Saboda haka duk abin da ya shafi lafiyar waɗannan motoci ya shafi tukunyar gidana.

Maganar ita ce ta iyakilina, wato matatar nan da iska take bi kafin ta shiga cikin inji. Yanzu an shigo da wata iri mai kama da mazurari, wata ja wata shuɗiya, da ragar ƙarfe a jikinta, ana cewa tana sakin iska fiye da ta takarda wadda mota ta zo da ita. Masu talla suna cewa in ka ɗaura ta, tsohuwar motarka za ta rage shan mai, har wasu na rantsuwa cewa za ta rage kashi ɗaya bisa uku. Wanda kuma ba shi da kuɗin sayenta sai a ba shi shawara ya huhhuda tasa da ƙusa, ko ya cire ta gaba ɗaya ya ɗaura soson katifa ko tsohuwar safa a bakin. Ni dai ra'ayina, bayan na tambayi kanikawa da direbobi da masu karatun abin, shi ne wannan hanya ba ta rage shan mai, kuma a irin ƙurar da muke ciki tana rage wa inji kwana.

Ban ga laifin wanda ya ruɗu ba, domin wuya ce ta kai mu. Muna yara a 1994, zamanin Janar Sani Abacha, da aka mayar da litar fetur naira 11 sai da manya suka yi ta salati. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, cikin 'yan kwanaki litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Direban da yake ɗauko masara daga Doguwa zuwa Dawanau, idan ya ware kuɗin mai da na kamasho da na balas ɗin mai mota, wani lokacin abin da ya rage a hannunsa bai kai na cefane ba. Mutumin da yake cikin wannan hali, in ka ce masa ga abin da zai rage masa ko da lita biyu, ai zai saurare ka da kunne biyu. To amma Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Bari mu fara da aikin ita kanta iyakilinar. Shi inji numfashi yake yi kamar ɗan Adam, kuma iskar da yake sha ta ninka man da yake sha nesa ba kusa ba. Masana sun ce kafin lita 1 ta fetur ta ƙone sosai, sai inji ya zuƙi iska kamar lita 9,000. Durom ɗin da muke tara ruwa a ciki lita 200 yake ci, ka ga ke nan durom 45 na iska a kan kowace lita guda ta mai. Motar da ta sha lita 20 a tafiya ɗaya ta zuƙi iska cikin durom 900. Duk ƙurar da ke cikin wannan iska, abu ɗaya ne tak ya tsaya tsakaninta da fistin da ringi, shi ne wannan 'yar takarda mai ninki-ninki da muke rainawa.

Yanzu kuma mu dubi irin iskar da muke da ita. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa cikin Maris hazo ne ke rufe mu, wanda masana suka ce yawancinsa yana tasowa ne daga Bodele, wani tsohon gindin tafki da ya ƙafe a arewacin ƙasar Cadi. Wannan ma mai sauƙi ne. Titin Kano zuwa Zariya kwalta ne, haka wanda ya tashi daga Kwanar Ɗangora ya bi ta Tudun Wada ya ratsa dajin Falgore ya nufi Saminaka da Jos. Amma ai hatsi ba a kan kwalta yake tsirowa ba. Motocinmu sai sun sauka sun shiga burji da turɓaya, sun bi bayan juna ranar kasuwa, ta gaba tana bulbulo wa ta baya jar ƙasa har direba ya kunna fitila da rana tsaka. Wanda ya taɓa hawa bayan akori-kura zuwa ƙauyukan Riruwai da rani ya san yadda gashin ido da gemu suke komawa. Abin da ya hau gemunka, irinsa ne yake neman shiga cikin inji.

To me ya sa sakin iska ba ya rage shan mai? Duk manomin rani da ke shan ruwan Tiga zai gane wannan da sauri. Ruwa yana tahowa ta babbar hanya, amma abin da ke shiga fangalinka ya danganta ne da yadda ka buɗe 'yar ƙofar da ke bakin gonarka. Ko da an faɗaɗa babbar hanyar ta ninka biyu, in dai ƙofarka a ɗan buɗe take, ruwan da zai shigo maka ke nan. Haka inji yake. A cikin maƙogwaronsa akwai wani ɗan faifai da ke buɗewa idan ka taka totur, ya rufe idan ka ɗaga ƙafa. A tafiyar yau da kullum wannan faifai a ɗan buɗe yake, shi ne yake ƙayyade iskar da ke shiga, ba iyakilina ba. Idan ka sa wadda ta fi sakin iska, abin da zai faru kawai shi ne ka ɗan sassauta ƙafarka kaɗan, iskar da ke shiga ta koma yadda take, man da ke bin ta shi ma ya koma yadda yake. Nauyin buhunan bai ragu ba, hawan dutsen bai ragu ba, saboda haka ƙarfin da ake bukata da man da zai samar da shi suna nan daram.

Akwai dai gaskiya guda a cikin maganar, kuma a kanta aka gina ƙaryar. Tsofaffin motoci masu kafireto, irin su Fijo 504 da kamfanin PAN na Kaduna ya yi ta harhaɗawa, da J5 mai fetur, da yawancin Golf 2, da tsofaffin Hayis, idan iyakilinarsu ta toshe da ƙura suna ƙara shan mai. Dalili kuwa shi ne kafireto ba shi da ido, da ƙarfin zuƙa yake aiki. Idan hanyar iska ta toshe, sai zuƙar ta koma kan mai, kamar dai ka ja cok ka manta ba ka mayar ba. Nan za ka ga baƙin hayaƙi a salansa, fulogi ya yi baƙi ƙirin, mota tana nishi a ɗan hawa kaɗan. Maganin wannan shi ne a kawar da toshewar. Sabuwar iyakilina ta takarda, irin wadda motar ta zo da ita, ta gama wannan aiki. Da zarar hanya ta buɗe yadda kamfani ya tsara, ƙarin buɗewa ba ya ƙara maka komai.

Su kuwa motoci masu injekta, irin su Golf 3 da Sharon da sauran na bayansu, suna da na'urar da ke auna iskar da ta shigo, ƙwaƙwalwar motar kuma ta ba da mai daidai da ita. In iska ta ragu sai ta rage mai, in ta ƙaru ta ƙara. Toshewar iyakilina a irinsu ƙarfi take ragewa, mota ta yi nauyin tashi, amma shan mai kusan yana nan yadda yake. Kuma ita mai sakin iskar, mai ake shafa mata domin ƙura ta manne. Kanikawa da dama suna kukan cewa in aka cika mata man, yakan bi iska ya shafi waccan na'ura mai awo, sai mota ta rikice, a shiga neman abin da ya same ta.

Wannan magana ba shaci-faɗi ba ce, an gwada. Wani ƙanena da ya yi karatun injiniya a Zariya ya karanta mini rahoton wani bincike da aka yi a Amurka a 2009, a wata cibiyar gwamnati da ake kira Oak Ridge. Sun ɗauki motoci uku masu injekta, ƙirar 2003 da 2006 da 2007, da kuma wata tsohuwar Pontiac mai kafireto ƙirar 1972. Suka riƙa toshe musu iyakilina da gangan suna auna man da suke sha. A masu injekta ba su ga wani bambancin kirki a shan mai ba, sai dai saurin tashi da ya ragu. A tsohuwar mai kafireto kuwa, canza toshasshiyar iyakilina da mai tsabta ya kawo sauƙin kashi 2 zuwa 6 cikin 100, ya kai har kashi 14 idan toshewar ta yi munin da motar ma ba ta tafiya daidai.

Jama'a mu yi lissafin kasuwa. A lita 50, kashi 2 zuwa 6 cikin 100 shi ne kamar lita 1 zuwa 3. Kashi 14 kuwa kamar lita 7. Wannan kuɗi ne, ba a raina shi ba, musamman ga wanda yake hanya kullum. Amma a lura da kyau, wannan riba ta tsabta ce. An samo ta ne tsakanin iyakilina mai datti da mai tsabta, kuma ko a mafi munin toshewa ba ta je kusa da kashi ɗaya bisa uku da ake yi mana alkawari ba. Ƙanen nawa ya ƙara da cewa hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada na'urori fiye da 100 da aka ce suna rage shan mai, ba ta sami ko ɗaya da ta kawo wani sauƙi na a zo a gani ba. Ni kuma na ce, da a ce 'yar ragar nan tana rage mai haka, ai da Toyota da Fijo, waɗanda suke gasa da juna a kan wa ya fi sauƙin mai, tun daga kamfani za su ɗauro ta.

Wani zai ce, to ai ga wane ya sa, kuma ya rantse ya ga canji. Ban ce ƙarya yake yi ba. Amma a tambaye shi wace iri ya cire. Sau da yawa za ka tarar ya cire wadda ta shekara biyu ba a buɗe ta ba, ta cushe kamar bangon ƙasa. Ko wace sabuwa ya sa zai ga canji. Sannan a tambaye shi me bakanike ya taɓa a ranar. Yawanci a zama ɗaya ake wanke kafireto, a canza fulogi, a daidaita silo, a yi juye. Aikin abu huɗu sai a ba abu ɗaya lada, don shi ne mai launi, shi ne ake gani in an buɗe bonet.

Sai kuma ƙara. Mai sakin iska tana sa inji ya riƙa gurnani in an taka, sai direba ya ji kamar an ƙara masa doki biyu. Ƙara daban, ƙarfi daban. Hasali ma daɗin gurnanin yakan sa yaro matashi ya riƙa taka totur fiye da da, man ya ƙara tafiya. Ga shi kuma yawancinmu ba da lita muke sayen mai ba, da naira muke saye. Yau ka sha na 10,000 a gidan mai, gobe ka sha na 10,000 a wajen 'yan bumburutu, farashi ya bambanta, mudu ya bambanta, lodin ranar ya bambanta, agogon mota kuma ya mutu tun tuni. A cikin wannan hali wa zai iya rantsewa a kan lita biyu? Akwai ma wani abu. Akwatin iyakilina na asali yana da bututun da ke jawo iska mai ɗan sanyi daga gaba. Ita kuwa mai mazurarin a tsirara ake ɗaura ta a cikin bonet kusa da inji, tana zuƙar iska mai zafi, ita kuma iska mai zafi ba ta ba inji ƙarfi kamar mai sanyi.

Yanzu ga inda asarar take. Matanmu sun san cewa rariya mai manyan ido ta fi saurin tankaɗe, amma tsaki da dusa suna bi. Duk abin da ya sakar wa iska hanya ya sakar wa ƙura. Ita kuwa ƙurar nan garin yashi ce, in ta shiga ta gauraya da baƙin mai sai ta zama kamar abin wasa wuƙa. Fistin yana hawa yana sauka sau dubbai a minti ɗaya, tana cin ringi, tana cin jikin bulok, tana bin baƙin mai zuwa metal da ƙaranshaf. Ba ta kashe inji rana ɗaya, shi ya sa ba a zarginta. Sai bayan wata shida ko shekara ka ga mota ta fara farin hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, tana shan baƙin mai kullum sai an ƙara, da safe sai an tura. Abin takaicin shi ne injin da ringinsa ya cinye ya fi kowanne shan fetur. An tafi neman ƙiba an samo rama.

Na ga wannan da idona a kan akori-kurar wani maƙwabcinmu da muke ba lodin shinkafa. Bayan tashin mai na 2023 wani ya ba shi shawara ya cire takardar ya ɗaura soso, wai inji ya sha iska. Rani ɗaya ya yi da ita a haka. Da damina ta kama sai ga mota tana hayaƙi kamar an kunna yayi. Da aka sauke injin, bakanike ya shafo cikin bututun da ke bayan sosan da yatsa ya nuna mana jar ƙasa, laushi kamar kwalli. Sai da ya sayar da bijimin da yake huɗa da shi kafin a sayo fistin da ringi da gasket daga Ƙofar Ruwa a biya kuɗin aiki, motar kuma ta yi sati uku a kan duwatsu. Kuɗin da ya kashe zai saya masa iyakilinar takarda ta shekaru masu yawa.

Kuma asarar ba ta tsaya kan mai mota ba. Mu masu kaya mu ne muke kwana a ciki. Buhun masara zai iya jira, amma kwandon tumatir da buhun tattasai ba sa jiran bakanike. Motar da ta mutu da kayan gwari da tsakar rana, kafin a nemo wata a sauke a sake lodi, rabin kayan ya zama ruwa, ka isa 'Yankaba an riga an watse. In kuwa a tsakiyar Falgore ta mutu, to ba wanda yake son magariba ta same shi a wurin, wannan kowa ya sani. Bayan haka kuɗin gyaran nan a kanmu yake dawowa, domin direba zai ƙara kuɗin buhu, mu kuma mu ƙara wa mai saye da mudu.

Ina so in ja kunnen 'yan'uwana masu babura da masu injin ban ruwa, don a nan abin ya fi yawa. Sau nawa za ka ga Boxer tana tafe akwatin iyakilinarta a buɗe, ko injin ban ruwa a bakin fadama yana aiki kafiretonsa tsirara, an ce wai soson ne yake shaƙe shi? Ƙaramin inji fistin ɗaya gare shi, ba shi da na biyu da zai taimaka masa. In ya mutu a lokacin da albasa ko alkama take tsakiyar shan ruwa, kwana huɗu sun isa su lalata aikin wata uku. Sannan kafireto an daidaita shi ne da iyakilinarsa a jiki. In ka cire ta, iska takan yi wa mai yawa, inji ya riƙa zafi yana tari, har ya kai ga ƙona bawul.

Don adalci, ita mai sakin iskar tana da inda aka yi ta dominsa. Masu tseren motoci a kan kwalta mai tsabta, waɗanda suke take totur har ƙasa, sukan sami ɗan ƙarin ƙarfi da ita, kuma su ba ruwansu da tsadar mai ko daɗewar inji. Ana kuma wanke ta a mayar, ba a jefarwa. Amma wankin yana da sabulunsa da mansa na musamman, waɗanda ban taɓa gani a shagunan ƙauyukanmu ba, kuma a ƙurarmu sai an riƙa yi a kai a kai. In aka wanke ta da fetur aka mayar a bushe, ta zama raga kawai. Haka nan ban ce duk mai sayar da ita macuci ne ba. Da yawansu su ma haka aka gaya musu, suka yarda.

Mu tuna da yadda magabata suka yi. Tsofaffin gingimari da motocin noma, har da wasu Fijo da aka yi domin ƙasashe masu ƙura, iyakilinarsu mai kwanon baƙin mai ce a ƙasa. Iska ta shigo ta bugi man, ƙura ta nutse, yaron mota ya kwance kwanon ya kwashe laka ya zuba sabon mai. Waɗanda suka ƙera su sun san Afirka, sai suka ƙara wa inji kariya. Da irin wannan kula ne motocin suka yi shekara talatin suna ɗaukar gyaɗa da auduga. Yau kuma mu da muka gaji ragowarsu muke neman rage musu kariyar.

Abin da ya kamata mu yi ba shi da tsada. Da rani, mai bin hanyar burji ya buɗe iyakilinarsa duk sati. Ta takarda a bubbuga ta a hankali a tafin hannu, kada a wanke ta da ruwa ko fetur. In za a hura ta a wajen mai faci, a hura daga ciki zuwa waje, kuma a sassauta iskar, don mai ƙarfi tana yaga takardar. A ɗaga ta a rana a duba, in an ga huda ko da ta allura ce, ko robar bakinta ta tsage, a canza. A duba murfin ya zauna daram, maƙallansa sun cika, bututun bai tsage ba, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A shafa yatsa a cikin bututun da ke bayanta, in an ji ƙura to akwai inda take ɓarauniyar hanya. Ta soso irin ta babur da injin ban ruwa a wanke ta, ta bushe sarai, a ɗiga mata baƙin mai mai tsabta a matse, kada a mayar da ita a bushe. Wajen saye kuma a guji mai arhar banza wadda takardarta ba ta da yawan ninki, araha ba ta ado.

Mai neman sauƙin mai na gaskiya kuwa, ga inda yake ɓuya. A duba iskar taya kowace safiyar tafiya, tayar da ta yi laushi jan mota take yi. A gyara birkin da yake kamawa. A duba tiyo da kafireton da ke ɗigar da mai, don wani man a ƙasa yake ƙarewa ba a inji ba. A canza fulogi in ya gaji. A daina barin mota tana aiki a tasha rabin awa ana jiran fasinja ɗaya. A rage gudu, domin da zarar an wuce kilomita 80 a awa, iskar gaba tana ƙara cin mai sosai, balle an tula kaya a saman rufi. A daina fizgar mota da taka birki a kai a kai. Waɗannan ba su da launi ja ko shuɗi, ba wanda zai zo ya tallata maka su, amma su ne suke barin canji a aljihu.

Wanda kuma bai gamsu da maganata ba, gani ya kori ji. Ya sa sabuwar iyakilinar takarda, ya cika tanki har baki a famfo ɗaya, ya yi zuwa da dawowa uku a hanyar da ya saba, misali Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada, da lodi iri ɗaya da gudu iri ɗaya, ya koma famfon ya sake cikawa, ya rubuta lita nawa ta shiga. Sannan ya ɗaura waccan ya maimaita, ba tare da an taɓa kafireto ko fulogi ba. Ya kawo lissafin wannan shafi mu gani. Lita za a rubuta, ba naira ba.

Daga ƙarshe ina kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta kanikawa ta NATA a waɗannan ƙananan hukumomi huɗu da su riƙa faɗakar da 'ya'yansu a tashoshi da gareji, musamman yara masu koyo, don abin da oga ya faɗa shi yaro yake ɗauka har ya tsufa. Ina kira ga hukumar SON mai kula da ingancin kaya da hukumar kare haƙƙin masu saye ta Jihar Kano da su sa ido a kan jabun kayan gyara da alkawuran da ake rubutawa a jikin kwalaye. Gidajen rediyonmu su gayyato kanikawa masu gaskiya a shirye-shiryen manoma, don mutanenmu sun fi jin rediyo. Shugabannin ƙananan hukumominmu kuma su taimaka su gyara hanyoyin da ke shiga ƙauyuka, domin rami da yashi suna shan mai fiye da kowace iyakilina.

'Yan'uwana direbobi da masu motoci, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Tsohuwar motar nan ita ce gonarku, ita ce kuma ƙafarmu, sabuwa kuwa ta fi ƙarfin yawancinmu. Mu tsare mata numfashinta. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kawo mana sauƙin rayuwa, Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya ba mu damina mai albarka, amin.

Naku,
Manomi kuma ɗan kasuwar hatsi,
Kwanar Ɗangora, Jihar Kano.